Yadda za ku shirya yaro shiga jami'a, tun daga SS1 har ranar da zai yi rijista

Duk shekara in maganar admishin ta taso sai ƙofar gidanmu ta koma kamar ofis, ana idar da Isha'i za ka ji sallama, maƙoci ne riƙe da baƙar leda cike da takardun ɗansa, "Malam don Allah duba mana, yaron nan ya haura 240 a JAMB amma har yau shiru." Toh ni ba ma'aikacin JAMB bane, malamin makaranta ne kawai da na daɗe ina fama da 'yan SS3, kuma na yi wa ƙannena da 'ya'yan yayyena wannan hidimar har ta bi min jiki. Abin da na gani dai shi ne da yawa daga yaran da suke zaman gida shekara ɗaya, shekara biyu, ba jarrabawa ce ta kayar da su ba. Wani suna ne ya sha bamban a takardu, wani layin waya ne ya ɓata, wani kuma darasi ɗaya tal ne bai ɗauka ba tun yana SS1. Kuma duk abubuwa ne da uba ko uwa ko yaya za su iya tarewa in sun sa ido da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Bari in jero muku yadda nake yi, bi da bi.

Mataki na farko: SS1, ranar da ake raba aji

Ranar da aka ce wane sayans, wane ats, wane komashiyal, a ranar aka yanke rabin hukuncin kwas ɗin da yaro zai karanta a jami'a, amma mu iyaye yawanci ko sanin an yi ba ma yi, yaro ne zai bi abokinsa kawai. Ku zaunar da shi ku tambaye shi me yake so, sannan ku duba darussan da abin yake buƙata. Likitanci, harhaɗa magunguna, aikin jinya na digiri, duk Turanci ne da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Injiniyanci Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri. Akanta da su kasuwanci sai da Lissafi da Ikonomiks. Lauya kuma, nan ne yaranmu suke faɗawa rami, mafi yawan jami'o'i suna neman Adabin Turanci, wato Litirecha, kuma makarantu da yawa a nan Kano ko malaminsa babu, sai yaro ya gama SS3 da Hausa da IRK da Gomnati masu kyau, ya zo cike fom a ce masa ai ba Litirecha ba lauya. In makarantar ba sa yi, tun SS1 za ku nemi mai yi masa lesin ku kuma tabbatar an sa masa shi a rijistar WAEC ko NECO.

JAMB tana da kundi da ta jera kowane kwas da darussansa da kuma sharaɗin kowace jami'a, kyauta ne a shafinta na intanet, a waya ma ana buɗewa. Shi za ku bi, ba "an ce" ba.

Wata magana kuma, Alhaji, in yaro baya jan Lissafi da Kemistiri kar a ce dole sai ya zama dakta sabida ɗan wanka dakta ne. Na ga wanda ya rubuta JAMB sau uku yana neman likitanci, ƙannensa na bayansa har sun kai aji biyu a jami'a shi yana nan yana zaman majalisa.

Mataki na biyu: suna da ranar haihuwa, su zama iri ɗaya a ko'ina

Wannan shi ne inda na fi son ku nutsu. Tun 2021 ba a yin rijistar JAMB sai da lambar NIN, kuma JAMB ba ta tambayar yaro sunansa, daga wajen NIMC, hukumar da take ba da NIN, take ɗauko sunan da ranar haihuwar, yadda yake a can haka zai fito, ko daidai ko ba daidai ba. Mu kuma kun san halinmu da suna, a takardar haihuwa Muhammad, a firamare Mohammed, a NIN Muhammed, a gida Abba, wata a makaranta Aisha a NIN A'ishatu, wani sunan uba aka sa masa a ƙarshe wani sunan unguwa, Yakasai ko Gwale ko Fagge. A wajenmu duk mutum ɗaya ne, a wajen kwamfuta mutum uku ne.

Don haka tun yaro yana SS2 ku ɗauko takardar haihuwarsa ta hukumar ƙidaya, da silif ɗin NIN, da takardar shaidar ƙaramar hukuma wadda muke cewa indijin, ku shimfiɗa su a tabarma ɗaya ku karanta harafi harafi. Wanne ne sunan farko, wanne ne na tsakiya, wanne ne na ƙarshe, ranar haihuwa, wata, shekara. In akwai saɓani a gyara tun lokacin sabida gyaran NIN da kuɗi ake yi kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya hau, in kuka bari sai ana sayar da fom za ku sha layi ku sha rana kuma wataƙila a rufe bai hau ba. Sannan ranar da makaranta za ta yi musu rijistar WAEC ko NECO ku rubuta sunan a takarda yadda yake a NIN ku ba yaron ya kai wa malamin jarrabawa, in an fitar da kati na gwaji a duba kafin a tura. Shekaru kuma, ƙa'idar shiga jami'a 16 ce, masu tsallakar da yara aji biyu biyu a firamare su san da wannan, kuma don Allah kar a je a ƙara masa shekara a wata takarda a bar wata, matsalar za ta biyo shi har NYSC.

Mataki na uku: layi da imel

A sai wa yaro layinsa na kansa, wanda ba a taɓa yin JAMB da shi ba, layin da yayansa ya yi amfani da shi bara ba zai yi ba. Da wannan layin zai nemi lambar furofayil wadda ake sayen fom ɗin JAMB da ita, ta nan JAMB za ta dinga turo masa saƙo, da shi zai duba sakamako. Ni abin da nake cewa, in ba a son yaro ya riƙe waya a sa layin a ƙaramar waya rakani-kashi a ajiye a ɗakin Hajiya, a dinga sa masa kati lokaci lokaci ana kira don kar kamfani ya rufe shi ya sayar wa wani. In ya ɓata a je a yi walkam bak nan take, ba a sayi sabo ba.

Ni kaina na sha wannan. Shekarar da ƙanwata za ta yi, ina wajen aiki na ba ta kuɗi na ce ta je kafe, mai kafen ya ce layinta yana ba da matsala bari ya sa nasa, ya buɗe mata imel da kansa bai ba ta faswod ba, ita kuma ba ta san ana tambaya ba. Da admishin ya fara fitowa muka koma, shagon ya zama na sayar da shinkafa da taliya, maƙocinsa ya ce ai ya tashi tun bayan sallah. Sati biyu muna zirga-zirga a adaidaita tsakanin gida da ofis kafin mu iya shiga shafinta, ita tana kuka tana "Yaya shikenan na rasa ko?" ni kuma ina ta ba ta haƙuri alhali laifina ne da ban raka ta ba. Tun daga nan duk yaron da zan yi wa, ni da shi muke buɗe imel a gida, mu rubuta imel ɗin da faswod a bayan littafi, a ba mahaifiyarsa ta adana.

Mataki na huɗu: kiredit biyar

Duk makin da yaro zai ci a JAMB, in babu kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da darussan kwas ɗinsa, da Lissafi in kwas ɗin yana buƙatarsa, aikin banza ne. Kiredit daga A1 ne zuwa C6, D7 da E8 ba kiredit bane ko da yaro ya ce "ai na yi fasin". Ana yarda a haɗa sakamako biyu, misali WAEC da NECO, amma kar su wuce zama biyu, kuma kwasa-kwasai masu zafi irin likitanci jami'o'i da yawa zama ɗaya suke so. 'Yan makarantun Arabiyya da Islamiyya suna da NBAIS, 'yan fasaha suna da NABTEB, duk ana karɓa amma a duba kundin nan don kowace jami'a da sharaɗinta.

'Yan makarantun gwamnati a Kano kuma akwai kwalifayin da ake yi a SS2, wanda ya ci gwamnati take biya masa kuɗin jarrabawar fita. Kar yaro ya raina ta, kuma ku iyaye kar ku kwanta a kanta, ku fara tara kuɗin NECO a gefe ko da adashi ne, in ya ci alhamdulillahi kuɗin ya tafi wajen JAMB. In da hali a yi WAEC da NECO duka, in ɗaya ta ba da matsala a Turanci ɗaya ta rufe. In duka sun ƙi akwai ta masu zaman kansu da ake yi ƙarshen shekara, GCE. Maganar kai yaro irin makarantun nan da ake rubuta amsa a allo, ni dai ba na ba da shawara, ana riƙe sakamakon senta gaba ɗaya, kuma ko ya fito da A1 tara JAMB a gaban kwamfuta shi kaɗai zai zauna.

Mataki na biyar: zaman gida a kan wace makaranta, wane kwas

Wannan zaman a yi shi kafin a fara sayar da fom, da uba da uwa da yaron, in akwai wani yaya ko kawu da ya yi jami'a a kira shi. Mu a Kano Allah ya yi mana arziƙin makarantu, amma kowa BUK, kowa BUK, kamar ita kaɗai ce. Akwai Northwest wadda wasu har yanzu suke ce wa Maitama Sule, akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da aka sa wa sunan Aliko Dangote, akwai Sa'adatu Rimi a Kumbotso da tsohuwar FCE ta Kabuga ga masu son koyarwa, akwai FCE Bichi, akwai Foli, akwai Legal, akwai Audu Bako a Dambatta ta aikin gona, ga makarantun jinya da na kiwon lafiya. Kusa da mu ga ABU Zariya, ga ta tarayya a Dutse, ga Sule Lamido a Kafin Hausa, ga Dutsin-Ma. Masu hali kuma ga masu zaman kansu irin su Skyline da MAAUN da Al-Istiqama ta Sumaila. Mai son kaki akwai makarantar 'yan sanda ta Wudil da NDA Kaduna, su kuma bayan JAMB suna da nasu fom da tasu tantancewar daban.

Ga yadda jami'o'in tarayya suke raba gurbi, don ku gane lissafin: kashi 45 na cancanta ne, duk wanda ya fi maki daga ko'ina a Najeriya, kashi 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko, Kano tana ciki. Ma'ana ɗan Kano ya fi samun dama a jami'o'in yankinmu a kan ya je ya cike Ibadan ko Legas. Amma kar wannan ya ruɗe ku, a BUK ɗin 'yan Kano da Jigawa masu neman likitanci da lauya da aikin jinya sun ninka kujerun da ake da su nesa ba kusa ba, gogayya ce tsakaninmu. Kuma manyan jami'o'i wanda ya sa su a zaɓi na farko suke kallo, sa BUK a na biyu kusan ado ne.

A zaman nan a faɗi gaskiyar aljihu. Likitanci shekara 6 ne, injiniya 5, lauya 5 sannan a ƙara da makarantar lauyoyi, akwai reshenta a Bagauda, sauran yawanci 4, ban da yajin aiki in ya gitto. Kuɗin makaranta ba shi kaɗai bane, akwai kuɗin mota kullum, wanda yake Hotoro ko Yankaba zai je sabuwar BUK hanyar Gwarzo ya san adaidaita nawa zai hau a rana, akwai handawut, akwai data, akwai abinci, hostal kuma ba kowa yake samu ba. In 'ya mace ce a yi maganar tun yanzu, za a bar ta ta kwana a makaranta ko jeka-ka-dawo za ta yi, in an san Baba ba zai yarda ta tafi Sakkwato ba kar a bari ta cike Sakkwato, na ga admishin mai kyau ya tafi a banza a kan haka. In akwai maganar aure a gaba ita ma a sa ta a faifai da mijin da za ta aura, a ji bakinsa tun kafin a kashe kuɗi.

Mataki na shida: sayen fom da rijista

Yawanci farkon shekara ake buɗewa, wajajen Janairu zuwa Fabrairu, amma ku dinga bibiyar sanarwar JAMB da kanta. Ga yadda ake yi. A layin yaron a sa kati ko na naira 100, a rubuta NIN a ba da tazara a rubuta lambobin NIN ɗinsa guda 11, a tura zuwa 55019 ko 66019, ana cirar naira 50. Saƙo zai dawo da sunansa da lambar furofayil, a tsaya a karanta sunan nan da kyau, in ba daidai bane a dakata a je a gyara tukunna. Da wannan lambar ake sayen e-PIN a banki ko wajen dillalan da aka amince da su. A 2025 naira 7,200 ne ba mok, wato jarrabawar gwaji, 8,700 da mok, kuɗin yana iya canzawa. Daga nan sai a tafi senta ta CBT, wato wurin jarrabawar kwamfuta, wadda JAMB ta amince da ita, ba kowane kafe na bakin titi ba, can za a ɗau hotonsa da zanen yatsunsa goma.

'Yan mata ku ji wannan, kuma Hajiya ke za ki sa ido: ba lalle. Ba a lokacin rijista ba, ba a lokacin jarrabawa ba. Lalle yana rufe zanen yatsa na'ura ta ƙi karantawa, JAMB da kanta ta yi gargaɗi a kai. 'Yar maƙocinmu bikin yayarta ya faɗo ana saura kwana huɗu jarrabawa, aka zauna aka yi mata ja da baƙi har kan yatsu, ranar da safe tana bakin ƙofar senta ana ta goga mata yatsa ana sake dangwalawa, kowa ya shige ita tana tsaye. A yi kwalliyar a bayan hannu in dole ne, a bar kan yatsun.

Babba ya raka yaro rijistar nan. Kafin mai kwamfuta ya tura a ce ya juyo da allon a karanta: darussa huɗu daidai suke da kwas ɗin? jami'ar ita ce? jiha da ƙaramar hukuma fa? garin jarrabawa? In sakamakon WAEC ko NECO bai fito ba ana sa cewa ana jira, ba matsala, amma ku riƙe wannan a ranku za mu dawo kansa. A yi rijista da wuri don gurbin cikin gari yana cika, a makara a ga an tura yaro wata ƙaramar hukuma mai nisa ƙarfe bakwai na safe.

Mataki na bakwai: karatu da kwamfuta

Tambaya 180 ce a awa 2, Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne, maki 400 gaba ɗaya. In ka raba za ka ga kowace tambaya sakan 40 take da shi, shi ya sa yaro mai ƙoƙari ma yake faɗuwa in bai saba da agogo ba. A nemo masa manhajar JAMB, wato silabus, da tambayoyin shekarun baya, ya dinga yi da agogo a gabansa kamar gaske, akwai kuma littafin labari da suke ba da wa duk shekara wanda tambayoyin Turanci suke fitowa daga ciki, ya karanta shi da kansa ba taƙaitawar WhatsApp ba. Turanci ne yake karya yaranmu, gaskiya ɗaya ce, don haka a fi ba shi lokaci.

Tun 2015 jarrabawar gaba ɗaya a kwamfuta ake yi, kuma har yau akwai yaron da ranar ce ranar farko da zai taɓa mawus. Ba ma sai da mawus ba: A, B, C, D na zaɓar amsa, N ya kai ka tambaya ta gaba, P ya dawo da kai baya, S na miƙa aiki ne, kar ya kusance shi sai ya gama. Ku biya masa mok ɗin nan, 'yan kuɗi kaɗan ne a kan tsoron da zai cire masa. A ɗan rage masa aike da zaman shago a watanni biyun ƙarshe, Alhaji kasuwar Kwari ba za ta gudu ba.

In lokaci ya matso a fitar da silif ɗin da ke ɗauke da senta da rana da lokaci, a je a ga wurin ido da ido kwana ɗaya kafin ranar. Ranar kuma a fita da sassafe, ba waya, ba agogo, ba kalkuleta, akwai ta cikin kwamfutar. Sakamako in ya fito, da layin nan dai za a tura UTMERESULT zuwa 55019 ko 66019. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai ƙara wa yaro maki ɗan damfara ne, ko a masallaci kuka haɗu.

Mataki na takwas: bayan sakamako, inda kowa yake kwanciya barci

A nan ake asarar admishin da yawa. Da farko a kalli makin da idon gaskiya. A 2025 mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka tsayar 150 ne, foli da kwalejin ilimi 100, amma wannan ƙofar gida ce kawai, kowace jami'a tana da nata, kowane sashe kuma yana da nasa a sama da haka. Yaro da 190 yana jiran likitanci a BUK yaudarar kai ce. A tambayi ɗaliban sashen da malamai a ji a nawa aka tsaya bara, in makin bai kai ba a je senta a canza kwas ko makaranta da wuri kafin jami'ar ta rufe tantancewa, a tabbatar kuma darussa huɗun da ya rubuta sun dace da sabon kwas ɗin.

Na biyu, ku tuna mun sa ana jiran sakamako. Da WAEC ko NECO ta fito, wajajen Agusta zuwa gaba, dole a koma senta ko ofishin JAMB a ɗora shi a shafin yaron. In ba a ɗora ba jami'a ba za ta iya ba shi gurbi ba ko da 300 ya ci. Maƙocin nan mai baƙar leda da na fara da shi, matsalarsa kenan, sakamakon yana cikin ledar fes da kiredit takwas, ba wanda ya ce musu ana ɗorawa.

Na uku Post-UTME. Kowace jami'a tana buɗe nata shafin, wata jarrabawa take yi wata tantance takardu kawai, kuma kwanakin ba su da yawa. A dinga leƙa shafin jami'ar na gaskiya da kanta, ba shafukan Facebook masu tambarin jami'a da lambar akawun ɗin wani ba.

Na huɗu CAPS, tsarin JAMB na ba da admishin a intanet, tun 2017 ta nan duk admishin na halak yake bi. Yaro ya dinga shiga shafinsa na JAMB ko sau biyu a sati. In an ba shi zai ga wurin Accept da Reject, yana da wa'adi, in yana so ya danna Accept da kansa. Wani lokaci jami'a za ta miƙo masa wani kwas daban da wanda ya nema, a zauna a yi shawara kafin a taɓa komai don in an karɓa an rufe ƙofar sauran na wannan shekarar. Duk admishin da aka ce "an samo masa ta sama" amma bai fito a CAPS ba ku guje shi, sai ya gama shekara huɗu a nemi sunansa a jerin JAMB a rasa, tafiya bautar ƙasa ta gagara.

In bai samu ba fa?

Ba ƙarshen duniya bane kuma ba dalilin zagi bane. Akwai IJMB, karatun share fagen shiga jami'a da ABU take kula da shi, ana yi a nan kwalejin CAS ta Kano, in ya ci da kyau ta fom ɗin DE, wato Direct Entry, zai shiga aji biyu kai tsaye. Mai ND daga foli ko NCE ma haka, in sakamakonsa ya yi kyau DE zai saya. Akwai NOUN, jami'ar karatu daga gida, ga wanda yake kasuwa ko matar aure da ba za ta iya zuwa aji kullum ba. In kuma sake JAMB zai yi, ya sake yana wani abu, ɗinki ko gyaran waya a Farm Centre ko hadda, ba kwanciya ba. Masu tunanin waje, Nijar ko Masar ko Indiya, ku tabbatar Najeriya ta amince da makarantar kafin ku sayar da fili, kun ga yadda a farkon 2024 gwamnati ta dakatar da karɓar digirin Benin da Togo, kun kuma ga yadda yaƙin Sudan na 2023 ya dawo da yaranmu gida karatu a tsakiya.

Mataki na ƙarshe: kuɗi da takardun rijista

Da ya karɓa a CAPS a fitar da takardar admishin ta JAMB da asalin silif ɗin sakamako mai hoto, sannan ta jami'ar. Kuɗin makaranta ta hanyar da jami'ar ta faɗa kawai za a biya, a karɓi rasit a adana. In aljihu ya yi nauyi akwai bashin NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati, ba ruwa a ciki, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, suna kuma ba wanda ya nema naira 20,000 a wata, biya sai shekara 2 bayan bautar ƙasa. Ana buƙatar NIN da BVN da lambar JAMB, don haka a buɗe wa yaro akawun da sunansa, sunan nan dai iri ɗaya da na NIN. A kuma dinga sauraron hukumar tallafin karatu ta jiha in ta buɗe.

A sayi fayil mai zif guda ɗaya. A ciki: sakamakon WAEC ko NECO da katin dubawa, testimoniyal ta sakandare, shaidar firamare, takardar haihuwa, indijin, silif ɗin NIN, takardun JAMB duka, hoton fasfo ko dozin ɗaya. Kowacce a yi mata fotokwafi kamar biyar biyar a unguwa, don a cikin makaranta ranar rijista layin mai fotokwafi ya fi na ofishin tsawo kuma in wuta ta ɗauke sai ya ƙara kuɗi. A ɗauki hoton kowacce da waya a tura a imel ɗin nan da muka buɗe tun farko. Na asalin kuma in an gama tantancewa su dawo gida ɗakin Hajiya, kar su kwana a hostal.